Saƙon Da Ya Ci Ran Babayo

An yi wani mutum a Gashua, ba da daɗewa ba, wataƙila ma wasunku sun taɓa shan shayi tare da shi a bakin tasha. Ba zan faɗi sunansa ba. Mahaifiyarsa tana raye, kuma abin da ta gani ya ishe ta.

Mutumin nan Allah ya ba shi kai. Da ya gama karatu bai zauna jiran aikin gwamnati ba. Ya kama ɗan shago kusa da kasuwa, ya ɗora sola a saman kwano, ya ajiye kwamfuta da fanka, ya shiga wata sana'a da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba.

Ya 'yan uwa, ni ba ɗan boko ba ne. Sai da aka zaunar da ni aka yi min bayanin sana'ar nan har sau uku kafin na gane ta. Bari in faɗa muku yadda na fahimta, domin in ba ku gane sana'ar ba, ba za ku gane laifin ba.

Kamfanoni suna da shafuka a intanet. Kowane yana so in mutum ya nemi irin hajarsa, shafinsa ne zai fara fitowa. Injin binciken kuwa yana duba shafin da sauran shafuka suka fi nunawa, sai ya ɗaga shi sama. Wannan nunin shi suke kira linki, wato rubutun nan mai launin shuɗi da in ka taɓa shi zai jefa ka wani shafin. Aikin mutumin nan shi ne samo wa kamfanonin ƙasashen waje linki. Hanyar samu kuwa ita ce ka rubuta imel ga masu shafuka, mutanen da ba su san ka ba, kai ma ba ka san su ba, ka roƙe su su ambaci shafin wanda ya ɗauke ka aiki.

Da hannu, mutum nawa za ka iya rubuta wa a yini? Ashirin? Talatin? To shi yana da manhajoji. Ɗaya tana zagaya intanet tana tsinto masa adireshin masu shafuka, kamar mai kalar gyada bayan an cire. Ɗaya tana ɗaukar wasiƙa guda, ta sa wa kowa sunansa da sunan shafinsa har da ɗan yabo, ta aika wa mutum dubu, kowa ya ɗauka shi kaɗai aka zauna aka rubuta wa. In ba ka amsa ba, bayan 'yan kwanaki ta sake tuntuɓarka da kanta. In ka sake yin shiru, ta sake. Tana gaya masa wanda ya buɗe saƙon, da lokacin da ya buɗe.

Babu haramun a nan. Sallama ce ka yi wa baƙo, in ya so ya amsa, in bai so ba ya ƙyale ka. Shekaru mutumin nan ya yi yana cin halas da ita. Ya gyara wa mahaifiyarsa ɗaki. Ya samo wa masu bandar kifi na bakin kogi masu saye daga Kudu. Mutane suna sa masa albarka.

A Nguru kuma akwai wani dattijo, Babayo. Kakanninsa makiyaya ne da suka ajiye sanda suka zauna. Shekara talatin yana kasuwar dabbobi, har ya zama shugaban ƙungiyar masu sayarwa. Mahauta daga Kudu sukan kira shi a waya su ce ya zaɓa musu sa, ba tare da sun ga san ba. Irin amincinsa ke nan.

'Yan ƙungiyar suka so a buɗe musu shafi, a riƙa sa hotunan dabbobi. Aka ba mutumin nan aikin. Ya yi shi da kyau, ya samo wa shafin linki daga nan da can, har ya zama shafin da injin bincike ya yarda da shi.

Daga nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Masu shafukan caca da na batsa su ma suna da irin manhajar nan, su ma suna rubuta wa baƙi. Suka rubuto masa, suka ce ya sa musu linki a shafin ƙungiyar. Ya ce a ransa, wane mai shanu ne zai lura? Ya ɓoye su a ƙasan hotuna.

Babayo yana da 'ya, Rahima, tana karatu a jami'a a Gashua, tana kuma riƙe da wani ɗan shafi na labaran ɗalibai. Wata rana tana nuna wa ƙawayenta shanun babanta a waya, yatsanta ya taɓa wata kalma a ƙasan hoton wani bajimi. Abin da ya buɗe a gabanta, bakina ba zai faɗa a masallaci ba. Ta je gida ta gaya wa mahaifinta.

Ranar kasuwa Babayo ya sa aka kira mutumin zuwa rumfar ƙungiya. Rumfar cike take da dillalai.

Ya ce masa, “Ɗana, mun ba ka amanar sunanmu, sai ka kai shi gidan caca da gidan banza?”

Mutumin ya ce, “Baba, ba ka gane yadda aikin yake ba ne.”

Babayo ya ce, “Na gane abin da 'yata ta gani. Ba mu makullin shafinmu, ka kama gabanka.”

Aka yi dariya. Wani daga bayan rumfa ya ce, “A sauka lafiya, Malam Caca!” Sunan ya bi shi har Gashua.

Zan faɗi gaskiya ko da a kan mamaci ne, Allah ya jiƙansa. Da Babayo ya ja shi gefe ya yi masa faɗan, da ya fi. Amma wanda aka kama da laifi, aka faɗa masa laifinsa, me ya rage masa ban da ya sunkuyar da kai ya tuba? Shi bai tuba ba. Ya haɗiye maganar, ta zauna masa a ciki wata biyu tana ruɓewa.

Kaka ta yi. Aka fara yankan shinkafa a fadamun wajen Dagona, shanu kuma suka fara gangarowa neman ruwa. Kun san yadda wannan lokacin yake kowace shekara. Sai aka wayi gari an tsinci gawar wani manomi, Ibram, a cikin gonarsa, an sare shi, ga sawun shanu a cikin shinkafar. Ba wanda ya ga wanda ya yi. Ƙauyen su Ibram ya ɗauki zafi. Bulama da dattawa suna ta ba matasa haƙuri, suna cewa a bar hukuma ta yi bincike.

Mutumin nan ya ji labari a shagonsa. Wani in ya ji an kashe bawan Allah sai ya ce inna lillahi. Shi sai ya ga dama ta samu.

Bayan azahar ya rufe ƙofar shago. Ya buɗe shafuka uku sababbi, ya raɗa musu sunaye irin na jaridu. Ya rubuta labari cewa Babayo ne ke ɗaure wa waɗanda suka kashe Ibram gindi, shi ke sayen shanun sata a hannunsu, kuma yana ɗauko musu bindigogi a ƙarƙashin harawa a cikin motarsa ta ɗaukar shanu. Ya sa hoton Babayo. Ya sa hoton babbar motar, lambarta a fili. Shafi na ɗaya ya ce daga na biyu ya samu labarin. Na biyu ya ce daga na uku. Na uku ya ce daga na ɗaya. Shaidu uku, baki ɗaya.

Sannan ya saki manhajar tsinto adireshi. Ta kawo masa sama da dubu biyu, na masu shafukan labarai manya da ƙanana a faɗin Arewa. Ya rubuta wasiƙa mai daɗi: “Assalamu alaikum Malam wane. Na daɗe ina bibiyar shafinka mai albarka, na ga kai mai kishin talaka ne. Ga wani zalunci da manya ke son binnewa.” Ya cire sunansa daga ƙasan wasiƙar. Ya saita saƙon tuni na biyu da na uku. Ya danna.

Aka kira la'asar. Ya yi alwala, ya shiga sahu. Yana ruku'u yana sujada, manhajar tana can tana aika ƙazafi, mutum bayan mutum. Ya 'yan uwa, wace irin salla ce wannan?

Da yawa ba su kula saƙon ba. Amma wajen mutum arba'in suka ɗauka suka sa a shafukansu. Ba wanda ya kira Nguru ya tambaya. Kowanne ya sa linki zuwa shafukan ƙaryar nan uku, injin bincike kuma ya ga an yi yawa, ya ɗaga labarin. Cikin kwana goma, in ka rubuta Babayo ka rubuta Nguru, abin da zai fara fito maka ke nan. Mai shakka in ya bincika, sai ya ga wuri arba'in sun faɗa, sai shakkarsa ta tafi.

Daga shafuka labarin ya sauko wayoyi. Ya shiga guruf-guruf na hira a waya. Aka mayar da shi saƙon murya da Hausa, da Barbarci, da Badanci. Kowa ya ƙara gishirinsa. Har aka samu wanda ya rantse ya ga bindigogin da idonsa.

Rahima ta zo gida ta durƙusa gaban mahaifinta. Ta ce, “Baba, don Allah ka zauna a gida har ƙurar nan ta lafa.”

Ya ce, “In na ɓuya, ai na amsa laifin ke nan. Wanda ya san ni ya san ni.”

Amma direbansa ya tsorata. Ya ce shi ba zai ja motar da hotonta ke cikin wayar kowa ba. Aka shiga neman wani direban.

Mutumin nan yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Muktar. Direban babbar mota ne, mai fara'a, mai 'ya'ya huɗu. Da yamma ya biyo ta shagon ƙanensa, ya zauna a kan benci, ya ce gobe zai je Nguru ya ja motar Babayo, tunda direbansa ya gudu.

Mutumin ya miƙe tsaye. Ya ce, “Yaya, kada ka je.”

Muktar ya ce, “Saboda me? Ai ƙarya ce. Dattijon nan ko allurar wani ba zai ɗauka ba. Wanda ya ƙaga masa wannan, Allah ya isa.”

Ya ce, “Ni dai da ka bari.”

Muktar ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya tafi.

Ku dubi wannan wuri da kyau. Allah ya kawo masa ƙofar fita har cikin shagonsa. Kalma uku kawai zai faɗa: ni na rubuta. Da ya sha mari, da ya sha kunya, da kowa ya kwana da ransa. Ya auna kunyarsa da ran ɗan uwansa, ya ga kunyarsa ta fi nauyi. Ya yi shiru.

Washegari da hantsi motar ta taso daga Nguru, shanu goma sha takwas a baya, Muktar a kan sitiyari, Babayo a gefensa da carbi. Sun wuce Jajimaji kaɗan sai suka tarar an gindaya itatuwa a kan titi. Matasa sun fi hamsin, da gorori, da adduna, da duwatsu. Wani ya ɗaga waya, ya dubi hoton, ya dubi lambar motar. Ya ce, “Ita ce!”

Suka fizgo Babayo daga mota, ya faɗi a kan kwalta. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, “'Ya'yana, ga motar nan, ku bincika. In kun ga ko harsashi ɗaya, ku yi min abin da kuka ga dama.”

Suka hau. Suka watsar da harawa, suka ɗaga kujeru, suka leƙa ƙarƙashi. Ba su ga komai ba sai shanu da kashin shanu. Sai wani daga baya ya ce, “Sun sauke su a hanya! Ai a jarida aka faɗa!”

Dutse na farko ya same shi a goshi. Jini ya rufe masa ido. Gora ta sauka a bayansa, wata a gwiwa, ya durƙushe. Yana ɗaga hannu yana kalmar shahada, ana dukan hannun. Muktar ya diro daga mota, ya ratsa su, ya kwanta a kan dattijon, yana ihu, “Ku ji tsoron Allah! Sa'an ubanku ne!” Aka ce shi ma ɗan koren Babayo ne. Adda ta sauka a wuyansa. Ta sake sauka. Suka ci gaba da dukan mutum biyun nan har suka daina motsi, bayan sun daina motsin ma ba a daina ba.

Wani ya zuƙo fetur daga tankin babur, aka watsa wa motar, aka ƙyasta ashana. Shanun suna ciki a ɗaure. Waɗanda suka ji kukan dabbobin nan a cikin wuta sun ce har yau in sun tuna ba sa iya cin nama. Ana wannan, wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Kafin jami'an tsaro su iso, an gama, an watse.

Kafin azahar bidiyon ya shigo wayar mutumin a shagonsa. Ya buɗe. Ya ji muryar wansa tana cewa ku ji tsoron Allah. Ya ga addar.

Shi ya kama makarar Muktar ta gaba. A zaman makoki mahaifiyarsu, Ya Karima, ta sa aka kira shi cikin gida. Ba ta kuka, idonta a bushe. Ta ɗaga hannu ta ce, “Ya Allah, wanda ya fara faɗin maganar nan da ta ci ɗana, ka nuna min shi tun a duniya.” Matan da ke ɗakin suka ce amin. Shi ma ya ce amin.

Kuna tsammani jinin ya tsaya a nan? Jini ba ya tsayawa inda aka zubar da shi. Kwana uku bayan haka wasu matasa daga dangin Babayo suka ƙi jin maganar dattawansu. Suka hau babura da rana tsaka, lokacin da maza suke gona, suka faɗa ƙauyen su Ibram. Suka cinna wa rumbuna wuta, suka ƙone tarin shinkafar da ba a kai ga sussukewa ba. Suka sare mutum huɗu. Ɗaya tsoho ne makaho da bai san ma me ake ciki ba, yana zaune a gindin bishiya yana tufka igiya. Aka rufe hanya. Kasuwa ba ta ci ba. Mai nono ta daina shiga gari, mai kifi ya daina zuwa ruga. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna shan ruwan kogi ɗaya suka koma kallon juna da gefen ido.

Mutumin nan tun ranar da aka kashe wansa ya goge shafukan ƙaryar nan uku. Ya ɗauka ya share sawu. Amma a cikin ruɗewa ya manta da abu ɗaya. Bai kashe manhajar aika saƙo ba. Ita kuwa ba ta san an yi mutuwa ba. Abin da aka umarce ta shi take yi. Da lokacin saƙon tuni na uku ya cika, ta aika wa duk wanda bai amsa ba.

A cikin adireshin da aka tsinto har da na Rahima, saboda ɗan shafinta na ɗalibai. Saƙo biyun farko sun faɗa kwandon shara, ba ta gan su ba. Na ukun ya shigo ranar sadakar bakwai ta mahaifinta. Tana zaune cikin mata, ta ɗauki waya don ta amsa masu ta'aziyya, sai ta karanta: “Malama Rahima, ina sake tunatar da ke labarin azzalumin nan Babayo. Har yanzu ba ki sa shi a shafinki mai albarka ba.”

Ta karanta har ƙasa. A can ƙasan akwai sunan wani shago a Gashua da lambar waya. Mutumin ya cire sunansa daga wasiƙar farko da ta biyu, amma ta ukun daga wani tsohon aikinsa ya kwafo ta, bai duba gindinta ba. Rahima ta san lambar. Lambar nan ce ta yi shekara biyu a kan shafin ƙungiya.

Ba ta yi ihu ba. Ta tashi ta kira wanta, Abdulhamid, babban ɗan Babayo, ta miƙa masa wayar. Suka tafi wurin hukuma tare. Amma ba ita kaɗai saƙon ya je wa ba. Kafin la'asar hoton wasiƙar da lambar da ke ƙasanta ya zagaye wayoyin Nguru da Gashua, ta hanyar da ƙaryarsa ta bi.

Mutumin ya ga abin a wayarsa. Ya bar shago a buɗe, ya rufe fuska da hirami, ya shiga motar Nguru. Niyyarsa daga can ya nemi motar Kumagannam, ya tsallaka Nijar. A tashar Nguru yana cikin tambayar mota, wani mai lodin shanu ya ƙura masa ido, ya fizge hiramin. Ya ce, “Jama'a, ga Malam Caca!”

Ya ruga. Bai yi taku ashirin ba aka taɗe shi. Abin da aka yi wa Babayo a kan titi, shi aka fara yi masa a cikin tasha. Aka take hannayensa a kan dakali, aka sa rodi aka farfasa yatsun, ana cewa da waɗannan ya rubuta. Dutse ya fasa masa idon hagu. Haƙoransa suka zube a cikin ƙasa. Yana kiran sunan Allah, yana kiran sunan uwarsa. Aka rataya masa taya a wuya. Aka kawo fetur a gora, aka tsiyaya masa a ka. Wani yana laluben ashana.

Sai ga Abdulhamid, an kira shi a waya. Ya kutsa cikin taron, ya tsaya a kan mutumin, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Fetur yana jiƙa masa takalmi. Ya ce, “Wanda zai ƙyasta ya ƙyasta, mu ƙone tare.”

Aka ce, “Abdulhamid, shi ne fa ya kashe ubanka!”

Ya ce, “Na sani. Haka aka taru a kan ubana, ba alƙali, ba shaida. Ba za a sake yin irinta da sunansa ba.”

Ya tsaya a wurin, hawaye yana zuba, har jami'an tsaro suka zo suka ɗauke mutumin.

A asibiti, da ankwa a ƙafarsa, Ya Karima ta zo sau ɗaya. Ta tsaya a bakin gado ta daɗe tana kallon abin da ya rage na fuskar ɗanta. Ta ce, “Ranar nan da na yi addu'a, ka ce amin?”

Ya ce, “Na ce, Ya.”

Ta ce, “To, an amsa.” Ta juya ta fita. Ba ta tsine masa ba. Ba ta kuma sake komawa ba.

Kotu ta yi aikinta, a kansa da kan waɗanda aka gane fuskokinsu a bidiyo, na titi da na ƙauye. Yana gidan yari yanzu. Ido ɗaya, hannaye biyu da ba sa iya riƙe cokali. Wani fursuna ne ke ba shi abinci a baki.

Na je gidan yarin yin wa'azi, aka ce wani yana son ganina. Shi ne. Ya ce, “Malam, irina yana da tuba?”

Na ce ƙofar tuba ba ta rufe ga mai rai. Amma haƙƙin mutane sai an mayar. Ka ɓata sunan bawan Allah, sai ka bi inda ƙaryar ta je ka ƙaryata kanka.

Ya yarda. Ya faɗa da bakinsa aka rubuta, cewa shi ya ƙaga labarin, Babayo bai san hawa ba bai san sauka ba. Rahima da kanta ta aika wa shafuka arba'in ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya, da hannunta. Shida suka cire labarin. Biyu suka ba da haƙuri. Sauran ko amsa ba su yi ba. Wasu ma masu shafin sun daɗe da watsar da shi sun kama wata sana'a, labarin yana nan a rataye ba mai sauke shi.

Da na koma na gaya masa, sai ya jinjina kai. Ya ce, “Malam, na san aikin nan. Ba zai sauka ba. Da kyau na gina shi.”

Ya 'yan uwa, jikokin Babayo za su girma. Wata rana ɗayansu zai rubuta sunan kakansa a waya don ya ga abin da duniya ta sani game da shi. Me zai gani?

Mutumin nan bai ɗauki adda ba. Bai jefa dutse ba. Yana zaune a ƙarƙashin fanka ya kashe mutum shida, ya maraita yara, ya ƙone abincin shekara na ƙauye guda. Kada wani ya ce min na'ura ce ta yi. Na'ura ba ta da niyya, ba ta da kabari, ba za a tashe ta ranar hisabi ba. Da can mai ƙazafi sai ya taka da ƙafarsa gida gida, ya gaji, wani ya kore shi, wani ya ce masa ji tsoron Allah. Yau yatsa ɗaya ya isa, kuma zunubin yana ci gaba da tafiya kana salla, kana cin abinci, har kana kwance a kabari.

Ku matasanmu da kuke wannan sana'a, ku yi ta, Allah ya sa albarka. Ku rubuta wa baƙi, ku nemi halas ɗinku. Amma kafin ka danna, ka tambayi kanka: in an tara min mutum dubu biyun nan a fili ɗaya, zan iya tsayawa a gabansu in faɗi wannan magana da sunana da na ubana? In ba za ka iya ba, cire hannunka.

Ku kuma masu shafuka da masu turawa, Ubangiji ya hore mu da mu binciki labari kafin mu ɗauka, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Yawan masu faɗa ba shi ne gaskiya ba. Ƙarya in ta fito daga baki ɗaya, ko ta bi ta baki arba'in, ƙarya ce.

Zan gaya muku abin da ban taɓa faɗa a kan mumbari ba. Labarin nan ni ma ya shigo wayata, kwana biyar kafin a tare motar. Shekara ashirin na san Babayo. A sahun farko yake salla a bayana. Na karanta, na ce a raina wannan ƙarya ce, na ajiye wayar. Ban tura wa kowa ba. Amma Juma'a ta zo a cikin kwana biyar ɗin nan, na hau mumbari, lasifika a gabana, gari guda yana saurare, na yi huɗuba a kan wani abu daban. Ban ce uffan ba. Ni na yi wa Babayo sallar gawa. Da na ɗaga hannu zan yi kabbara ta farko, sai da na ji kamar harshena ba zai ɗagu ba.

Don haka ban ba ku labarin nan ina tsaye a kan tudu ba. Ku roƙa min gafara, in roƙa muku.

Ya Allah, ka jiƙan Babayo da Muktar da Ibram, da bayinka huɗu da aka kashe ba su san dalili ba. Ka sanyaya zuciyar Ya Karima. Ka saka wa Abdulhamid da alheri. Wanda ke kurkuku, in tubarsa ta gaskiya ce, kai ne mai karɓa. Ka mayar da zumunci tsakanin mai gona da mai garke. Ka tsare yatsunmu daga abin da bakinmu zai ji kunyar faɗa, ka kuma buɗe bakinmu ranar da shiru zai zama laifi.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mutane daga sharrinmu. Amin.